Yarona zai haɗa silayid kan wani fitaccen ɗan asalin Kanada, ta ina za mu fara?

Tambayar daga wata Hajiya ce da ba su daɗe da komawa Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, ba. Yaronta ɗan shekara tara ne yana aji huɗu, malamarsu ta ce kowane yaro ya zaɓi wani fitaccen mutum daga cikin 'yan asalin ƙasar Kanada, ya haɗa silayid a kansa, ya zo ya yi bayani gaban aji na kamar minti huɗu. Ta ce ita ba ta san mutanen nan ba, tana tsoron kar yaron ya je ya faɗi abin da zai zama cin fuska, sannan da ya fara sai ta ga ya kwaso rubutu daga intanet ya cika shafin farko dam har ba wurin saka hoto.

To Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Ni koyarwa nake a firamare kuma irin wannan aikin kusan duk shekara sai an ba yara, musamman in an doshi watan Yuni, wanda shi ne watan tarihin 'yan asalin ƙasa a Kanada, 21 ga watan kuma ranarsu ce ta musamman, ko kuma a ƙarshen Satumba lokacin ranar riga ruwan lemo, ranar tunawa da yaran 'yan asalin ƙasa da aka kai makarantun kwana. Abin da zan fara gaya miki shi ne ki rufe laftof ɗin tukuna. Da gaske nake. Yawancin silayid ɗin da ke lalacewa tun kafin a buɗe Google Slides suka lalace, saboda yaron bai san mutumin da zai yi magana a kansa ba, sai ya nemi rubutu ya ɓoye a bayansa. Malamar ba ado take nema ba, so take ta ga yaro ya tsaya ya ba da labarin mutum ɗaya da bakinsa, ya san ɗan wace al'umma ne, me ya yi, me ya sa har yau ake tuna shi. In yaronki zai iya ba ki wannan labarin a kicin kina yanka albasa ba tare da ya kalli komai ba, to silayid ɗin aikin yamma ɗaya ne.

Kafin zaɓen mutum, akwai abin da ke kanki ya kamata ki riƙe don ki iya gyara masa. 'Yan asalin Kanada kashi uku ne kuma tsarin mulkin ƙasar na 1982 ma haka ya ambace su: akwai waɗanda yau ake ce wa First Nations, akwai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, akwai Métis waɗanda al'umma ce da ta samo asali daga auratayya tsakanin Turawa 'yan kasuwar fata da matan 'yan ƙasa, suka zama jama'a guda mai harshenta da tarihinta, kuma nan yankin Red River inda kuke zaune shi ne cibiyarsu. A ƙidayar 2021 dukkansu sun kai wajen miliyan 1.8, kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar. First Nations kaɗai al'ummominsu sun haura 600, harsunan da ake yi kuma sun haura 70. Winnipeg kuwa ita ce birnin da ya fi kowanne yawan 'yan asalin ƙasa a duk Kanada, don haka ki sa a ranki cewa a cikin ajin nan da yaronki zai tsaya, kusan tabbas akwai yaran da kakanninsu ake magana a kai. Kalmar nan da muka saba ji a gida, Indiyawan daji, a bar ta a gida, kar ma ta shiga bakin yaron ko da Hausa. Haka Eskimo, ba a faɗa, Inuit ake cewa, in mutum ɗaya ne Inuk. Kuma abin da ya fi kyau shi ne a kira mutum da sunan al'ummarsa kai tsaye, a ce Cree ne, ko Anishinaabe, ko Onondaga, ko Métis. Kin san yadda ranki ke ɓaci in an ce yaronki ɗan Afirka ne aka liƙa masa hoton zaki da bukka, alhali shi Bakano ne ko Basakkwace? To su ma haka suke ji in an haɗa su duka an yi musu hula ɗaya ta gashin tsuntsu.

Wajen zaɓe, ki bar yaron ya bi abin da yake so, ke dai ki kawo masa sunaye uku ko huɗu. In mai son wasanni ne akwai Tom Longboat ɗan tseren gudu, akwai Jordin Tootoo wanda shi ne Inuk na farko da ya buga babbar gasar hoki ta NHL a 2003. In mai son zane ne akwai Kenojuak Ashevak daga Kinngait, wadda zanen mujiyarta na 1960 har kan sarki aka yi da shi a 1970. In labarin soja ke burge shi akwai Tommy Prince ɗan Brokenhead a nan Manitoba, ya yi yaƙin duniya na biyu ya yi na Koriya. Akwai Louis Riel jagoran Métis da ya sa aka kafa lardin Manitoba a 1870 aka kuma rataye shi a Regina a 1885, amma ni ban cika ba ɗan aji huɗu shawarar ɗaukarsa ba, labarinsa akwai siyasa mai kauri kuma a Manitoba rabin aji shi suke ɗauka, malama ta ji shi har ta gaji. Abin da nake so iyaye su riƙa tunawa shi ne ba dole sai wanda ya mutu ba. Mary Simon, Inuk ce daga Nunavik a arewacin lardin Quebec, ta zama gwamna janar ta Kanada a 2021, ita ce 'yar asalin ƙasa ta farko a wannan kujera. Wab Kinew ya zama firimiyan Manitoba a Oktoban 2023. Autumn Peltier daga Wiikwemkoong a tsibirin Manitoulin tana da shekara 13 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 tana magana kan ruwan sha mai tsabta, yara suna son labarinta sosai don ba ta girme su da yawa ba lokacin da ta fara. Amfanin zaɓar mai rai shi ne yana kashe wannan tunanin da yara ke ɗauka daga katun cewa mutanen nan na zamanin da ne sun ƙare. In ma wanda ya rasu aka ɗauka, to a tabbata akwai jimla ɗaya da ke cewa al'ummarsa suna nan har yau a wuri kaza.

Wani ɗan tarko kuma, a tabbatar mutumin da gaske ɗan asalin ƙasar ne. Akwai wani da aka sani da Grey Owl, ya yi suna sosai a shekarun 1930 wajen kare dabbobin daji yana shiga irin ta 'yan ƙasa, bayan ya mutu a 1938 aka gano Bature ne ɗan Ingila sunansa Archibald Belaney. Har yanzu in yaro ya yi bincike sama-sama hotonsa na iya faɗo masa. Maganin abin mai sauƙi ne, a duba a ga wace al'umma ce ke cewa nata ne, in ba a samu sunan al'umma ba a canza mutum, ko a tura wa malamar imel a tambaye ta, ba su ƙin amsawa.

Bari in ɗauki Tom Longboat in nuna miki yadda abin ke tafiya daga farko, don da misali ya fi shiga. Ku zauna da yaron ku karanta labarinsa a wuri biyu, kundin nan The Canadian Encyclopedia da ke kyauta a intanet yana da kyau, sannan ku leƙa laburaren unguwa ku ce wa mai kula da sashen yara kuna neman littafin yara a kansa, katin laburare kyauta ne ga mazauna gari. Ke ki karanta da ƙarfi, ki tsaya, ki ce masa to me ka ji? Abin da ya faɗa da bakinsa shi za ki rubuta a takarda, ba abin da ke shafin ba. Za ku samu cewa Longboat ɗan Onondaga ne daga Six Nations na Grand River kusa da Brantford a Ontario, sunansa na gida Cogwagee, an kai shi makarantar kwana ta Mohawk Institute yana yaro ya gudu, ya ci tseren Around the Bay a Hamilton a 1906, ya ci gudun fanfalaki na Boston a 1907 cikin awa 2 da minti 24 da daƙiƙa 24, ya rage kusan minti biyar daga tarihin da aka kafa kafin shi, ya je gasar Olamfik ta Landan a 1908 amma ya faɗi kafin ya kai ƙarshe, a yaƙin duniya na farko ya yi aikin kai saƙo da ƙafa tsakanin sojoji a Faransa, ya dawo ya yi wa birnin Toronto aikin tsaftar titi shekaru da dama, ya rasu a 1949, kuma tun 1951 ake ba da lambar yabo da sunansa ga 'yan wasa 'yan asalin ƙasa. Wannan duka ya yi yawa ga minti huɗu. A nan ne aikin gaske yake, sai ki tambaye shi, duk cikin abin nan wanne ne in ka je makaranta gobe za ka fara ba abokinka? Abin da ya zaɓa shi ne ƙashin bayan gabatarwar, sauran su zama masu rakiya.

In da ni ce zan ɗan karkato da hankalinsa kan wani abu guda a labarin Longboat da yara ke kamawa nan take. Mutumin nan yana da salon atisaye nasa, yau ya yi gudu mai tsanani, gobe ya yi tafiya mai nisa a hankali ko ya huta, sai jaridun lokacin da masu kula da shi suka riƙa ce masa malalaci, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa wariya ce ta sa kalmar ta zauna musu a baki. Yau kuwa duk mai horar da 'yan tsere haka yake yi, ranar wahala da ranar hutu. Kin ga wannan labari ne mai kai da ƙafa: an raina shi, ashe shi ne da gaskiya. Ɗan shekara tara zai iya riƙe wannan ya faɗe shi da zafinsa, ya fi ya jero shekaru goma da shi kansa bai san abin da ya haɗa su ba.

Af, wani abu da za ku ci karo da shi, wasu wuraren sun rubuta an haifi Longboat a 1886 wasu 1887. Kar ki ɓoye wa yaron wannan, ki nuna masa, ki ce ka ga dalilin da ya sa ba a yarda da wuri ɗaya. Zai iya rubuta “1886 ko 1887” a silayid ya ce majiyoyi sun saɓa, wallahi malamai muna jin daɗin ganin haka fiye da kowane ado.

Yanzu a buɗe laftof. Minti huɗu silayid shida ya isa, bakwai in ya matsa. Na farko suna ne da hoto ɗaya babba da sunan al'ummarsa, shikenan, sai sunan yaron a ƙasa. Na biyu taswira, a nuna inda Six Nations take, a kuma nuna inda Winnipeg take don 'yan aji su ga nisan, a nan ne zai ce Onondaga ɗaya ce daga al'ummomi shida na haɗakar Haudenosaunee tare da Mohawk da Oneida da Cayuga da Seneca da Tuscarora, kuma suna nan har yau. Na uku yarintarsa. Na huɗu da na biyar su ne zuciyar abin, Boston 1907 da maganar atisayen nan, a nan zai fi daɗewa, ya ba su kusan rabin lokacinsa ma ba laifi. Na shida me ya sa ake tuna shi da abin da shi yaron ya ɗauka. Sai ɗan ƙaramin shafi na ƙarshe da ke nuna inda aka samo bayani da hotuna. Ki duba takardar da malamar ta bayar dai, sau da yawa akwai jadawalin yadda za a raba maki a jiki, in ta ce dole a sa abu kaza to a sa, kar nawa tsarin ya sa ya rasa maki.

Maganar cika rubutu da kika yi, ga yadda nake yi da yara. Ina ce musu kan kowane silayid ya zama cikakkiyar jimla da ke faɗin abu, ba kalma ɗaya ba. Maimakon ya rubuta “Boston” a sama sannan ya zuba layi takwas a ƙasa, ya rubuta cewa ya ci tseren Boston a 1907 ya kafa sabon tarihi, ƙasa kuma hoto da lambar nan 2:24:24 da ƙaton rubutu, iyakarta kenan. Sauran bayanin yana bakinsa. Wanda yake tsoron mantawa ya sa shi a wurin rubutun mai magana da ke ƙasan silayid, Google Slides da PowerPoint duk suna da shi, ko mafi sauƙi ya rubuta kalmomi uku-uku a 'yan katuna ya riƙe a hannu. Dalilin ba wai gayu ba ne, mutum ba ya iya karatu da saurare lokaci ɗaya, in allo ya cika da rubutu 'yan aji za su karanta su riga shi gamawa su koma hira, shi kuma ya juya musu ƙeya yana karanta allo da murya ƙasa-ƙasa. Girman rubutu kar ya gaza 28 ko 30, kan magana ya kai 40. Wannan ƙa'idar ita da kanta take hana cika rubutu don ba wuri. Gwajin da nake so shi ne ki ajiye laftof ɗin a kan tebur ku ja baya har bangon falo, abin da ba ku iya karantawa daga can to na bayan aji ma ba zai iya ba. Launi biyu ya isa, rubutu mai duhu kan fari ko fari kan mai duhu, firojektan makaranta yakan kashe launi, rawaya kan fari ɓacewa yake gaba ɗaya. Su kuma abubuwan nan masu sa rubutu ya yi tsalle ya juya ya shigo da ƙara, zai so su, kowane yaro yana so, ki bar masa ɗaya a wuri ɗaya ku rabu lafiya.

Hoto kuwa nan ne aka fi yin ɓarna, kuma ba da mugun nufi ba. Yaro zai rubuta kalmar 'yan asalin ƙasa a wurin neman hoto na manhajar zane ta Canva ko Google, sai a watso masa zanen katun na hular gashin tsuntsu da tanti mai tsini da gatari da wannan zoben mai raga da ake ratayawa, shi kuma ya ga sun yi kyau ya bi kowane lungu na silayid ya liƙa. A cire su duka. Babbar hular gashin mikiya ta wasu al'ummomin filayen yamma ce kuma ba kowa ke sa ta ba, girmamawa ce da ake ba mutum, mutanen Longboat hularsu daban ce ana ce mata gustoweh, kuma su dogayen gidaje suka gada ba tanti ba, sunan Haudenosaunee ma daga dogon gidan ya fito. In ka liƙa wa Longboat tanti ka nuna ba ka san ko shi waye ba. Hoton mutumin na gaske shi ne ado, kuma na Longboat suna nan da yawa, yana sanye da kayan gudu da kofunansa a gefe, akwai wanda yake cikin kakin soja, ana samunsu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa wato Library and Archives Canada da kuma Wikimedia Commons, a ƙasan kowane hoto ya rubuta inda ya ɗauko da ƙaramin rubutu. Kar kuma a sa manhajar nan mai ƙirƙirar hoto ta zana mutumin, fuskar wani za ta ƙirƙiro ta ɗora masa tufafin da ba nasa ba. Sannan don Allah ranar gabatarwa kar a yi masa shigar 'yan ƙasa, ba fenti a fuska ba gashin tsuntsu a ka, na san a wurinmu sa kayan mutane girmamawa ce, a nan kuwa ana ɗaukarsa izgili, kayan bikinsu suna da ma'ana da masu su. In yana son riƙe wani abu ya zo da takalmin gudu.

Sai maganar makarantun kwana, wadda ba yadda za a yi ku kauce mata don kusan duk wanda kuka ɗauka za ta taɓo shi ko iyayensa. A taƙaice, gwamnati tare da coci-coci sun gudanar da makarantun da aka riƙa raba yara da iyayensu ana kai su can don a raba su da harshensu da al'adarsu, yara wajen 150,000 suka bi ta ciki, da yawa sun sha azaba, dubbai sun mutu, kuma ba tsohon labari ba ne don na ƙarshe sai a shekarun 1990 aka rufe su. Hukumar gaskiya da sasantawa da marigayi Murray Sinclair ya jagoranta, shi ma ɗan Manitoba ne kuma alƙali ɗan asalin ƙasa na farko a lardin, ta fitar da rahotonta a 2015 da buƙatu 94, daga ciki har da a riƙa koyar da wannan tarihin a makarantu, kin ga asalin aikin da aka ba yaronki kenan. Rigar ruwan lemo da za ki ga ana sawa ran 30 ga Satumba kuma daga labarin Phyllis Webstad ta fito, wadda aka ƙwace mata sabuwar rigarta ranar farko da aka kai ta irin wannan makaranta a 1973 tana shekara shida. Ɗan aji huɗu ba sai ya shiga bayanin azaba ba, jimla biyu masu gaskiya sun isa: an raba shi da gidansu an kai shi makarantar da ake hana yara harshensu, bai yarda ba ya gudu. Kar ya yi wasa da wurin, kar ya sa hoton kaburbura, kar kuma ya mayar da gabatarwar duka ta zama ta tausayi, don mutumin gwarzon tsere ne kafin komai kuma abin da ya yi da ƙafafunsa shi ya sa aka san shi. In yaron ya yi miki tambayoyi masu nauyi a gida, wanda zai yi, ki amsa masa daidai shekarunsa, kuma ki sanar da malamar cewa zai taɓo batun don ita ta san yaran da ke ajinta.

Faɗin sunaye ma a ba shi lokacinsa. Haudenosaunee da Wiikwemkoong da Kangiqsualujjuaq, garin su Mary Simon, ba a karanta su yadda aka rubuta, ku nemi bidiyo a YouTube inda ɗan al'ummar da kansa yake faɗin sunan, ku saurara ku maimaita, sannan yaron ya rubuta yadda kunnensa ya ji a katinsa da irin rubutun da shi zai gane, ko da rubutun Hausa ne. Yaranmu ma suna da sa'a a nan, bakin da ya iya ƙ da ɗ da ts ba ya jin tsoron sabon sauti. Abin da ba a so shi ne ya zo kan sunan ya yi dariya ya ce ba zai iya ba ya wuce.

Atisaye sau uku ya isa, kuma a tsaye, da agogon waya. Na farko zai yi tuntuɓe ya wuce lokaci, ba komai, ku ga wane silayid ne ya tsaya yana karantawa, wannan shi ne wanda bai gane ba, ku koma ku sake hira a kansa maimakon ku ƙara rubutu. Na biyu a tara masa 'yan gida, babansa da ƙannensa, ki ce ya zaɓi mutum uku yana kallonsu bi da bi. Na uku ki kashe allon gaba ɗaya ya yi da ka, don ranar Allah intanet ɗin makaranta na iya tsayawa, saboda haka ma ku sauke kwafi a matsayin PDF ku tura wa malamar tun daren. Yaran da Turancinsu bai gama zama ba sukan yi sauri don su gama su zauna, ki koya masa duk sanda ya canza silayid ya ja numfashi ɗaya kafin ya yi magana.

Ke kuma Hajiya, na san hannu na ƙaiƙayi, amma ki zauna a gefe, linzamin kwamfutar ya kasance a hannunsa. Muna gane aikin uwa daga nesa, jimlolin sun yi santsi, launuka sun dace, yaron kuma ya tsaya yana kallon silayid ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. Hoto ya ɗan karkace ba zai rage masa komai ba. Naki shi ne tambaya, wa ya faɗa maka haka, a ina ka gani, me kake nufi da wannan kalmar, in bai iya bayyana kalma ba a cire ta ko da ta yi daɗin ji. Ki gyara masa kuskuren rubutu da na shekaru, ki tabbata sunan al'ummar an rubuta shi daidai da babban baƙi.

Bayan ya gama 'yan aji za su yi tambaya, ku shirya wa guda biyu ko uku tun a gida, a kan Longboat kusan kullum sai an tambayi nisan tseren da ko yana da 'ya'ya da me ya kashe shi. In aka tambayi abin da bai sani ba ya ce bai sani ba zai duba, kar ya ƙirƙira. In kuma wani yaro a ajin ya ce shi ɗan al'ummar ne ya gyara masa yadda ake faɗin wani suna, ya ce na gode ya maimaita yadda aka gyara masa, sannan ya ci gaba da tambaya ta gaba.